Wanda Ya Murza Tayan Ƙarin Ruwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina sayen littafi a kasuwar Gangara ina tura shi ƙarƙashin tabarma. Lakol ɗina, wato makarantar boko, a aji huɗu ta tsaya, Hausar ma a ajin mata na yaƙi da jahilci na koyi haɗa ta, kuma ni ba mai magana ba ce ko a cikin gidanmu. Amma har yau a bakin rijiya ana ba da labarin mutuwar Malam Nomau yadda kowa ya ga dama, kuma kowa yana cire abin da bai masa daɗi ba. Shi ne na ce bari in rubuta, da nawa rabon a ciki.

Sunana Safina. A lokacin ni ce mai shara da wanki a likitar garinmu, wato ƙaramin asibiti, ɗaki uku da rumfa a kan hanyar Gangara. Ma'aikacin jinya ɗaya ne a ciki, irin wanda muke ce wa majo, Majo Lurwanu, mutumin wajen Sae Sabuwa. Shekararsa huɗu a garin, amma ba a daina ce masa baƙo ba.

Ranar Litinin da asuba ruwan farko ya sauka, ya jiƙa ƙasa har ta isa shuka. Kafin hantsi gari ya watse, kowa ya saɓi sungumi ya yi gona. Majinyaci ɗaya ya rage a likita, Malam Nomau, kwanansa biyu da zazzaɓi mai zafi, ya fara samun sauƙi. Majo ya rataya masa leda ta uku ta ƙarin ruwa mai kinin, maganin zazzaɓi, a ciki. A jikin igiyar akwai ɗan tayan roba da ake murzawa da babban yatsa, ya murza shi har ruwan ya koma ɗiga ɗaya-ɗaya. Ya ce mini za shi Gazawa ɗauko magani, in sa ido, kada in taɓa komai. Ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya tafi.

Na kwashi zannuwan gado na tsallaka hanya na tafi famfo. Na daɗe a can. Da na dawo sai na bi ta gefen ɗakin na leƙa ta taga, don Malam Nomau ba ya son mace ta shigo masa ba riga a jikinsa. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Ruwan ba ɗiga yake ba, zuba yake kamar zare. Na san ba haka aka bar shi ba, na kuma sha jin Majo yana cewa mai kinin ba a gaggauta shi. Na yi sallama a hankali. Bai juyo ba ya ce, "Wa ya kira ki?"

Na yi taku biyu zuwa ƙofa, na dawo, na tsaya. Sa'an ubana ne. Na tafi shanya.

Kafin azahar na ji ihun Surajo, babban ɗansa, yana cewa ruwa ya ƙare, Baba ya tafi. Mutane suka baro gonaki suka cika likita. Majo ya iso a kan moto ya tarar da su. Da ya kutsa ɗakin, ƙarfen rataye ruwa yana nan tsaye, amma leda da igiyarta babu su.

Abin da na gani ta taga ban gaya wa kowa ba, har Innata.

*

Muttaka, ƙanen mamacin, ɗan kasuwa ne mai kai wake tsallaken iyaka, ya san ƙofar kowane buro, wato ofishin hukuma, a Gazawa. Washegari ya kai ƙara wurin jandarma. Ya ce Majo ya bar majinyaci a hannun mai shara, mai shara ta buɗe ruwa, suka ɓoye leda don kada a gane. Ya ce diyya yake nema, daga albashin Majo da kuma daga gidanmu. Gidanmu kuwa gona ɗaya ce, ita Baba ya bar wa Inna.

Majo bai kare ni ba. Ya ce shi daidai ya bar ruwa, kinin in ya shiga da gudu zuciya yake tsayarwa, kuma ni kaɗai ce a wurin.

Daga nan aka daina amsa mini gaisuwa. Inna ta je sadakar uku aka mayar mata da ƙwaryar hatsinta. Jandarma ya aiko wa mai gari cewa ranar Juma'a bayan la'asar zai zo, in ba a gano wanda ya taɓa ruwan ba, da ni zai tafi ya kulle a kaso har alƙali ya saurari magana.

Mai gari ya aika wajen Agye aka kira Baffa Chindo, Bafillace mai bin sawu. Shi ake nema idan an kore wa mutum dabbobi.

*

Ya iso ranar Juma'a da safe a ƙafa, tsoho ne siriri da sanda a wuya. Dattawa suna zaune a rumfar likita. Muttaka bai bari ya gama gaisuwa ba.

"Saniya aka sace da za a kawo mana Bafillace?"

"Da saniya ce da na ji daɗi," in ji Baffa Chindo. "Ita ba ta cewa ta yi gabas alhali yamma ta yi."

Ba wanda ya yi dariya. Bai dubi fuskar kowa ba, ƙafafu yake bi da kallo. Ya tsaya a kan nawa. Takalmin roba ne, na hagu ya tsinke na ɗaure shi da waya ta ƙasa.

"Ke ce yarinyar?"

Na gyaɗa kai.

"Ranar nan kin shiga ɗakin bayan likita ya tafi?"

"Ban shiga ba, Baffa."

"Kin ga wanda ya shiga?"

"Ina famfo."

Ya ce to. Ya dubi gaban likita inda ƙafa ɗari suka tattake, ya girgiza kai. Sai ya ce wa mai gari yana so in biyo shi duk inda za shi.

"Don me?" in ji Muttaka. "Don ta share abin da ka gani?"

"Wadda za a kulle ta fi kowa haƙƙin ganin abin da za a kulle ta a kai. Ki taka inda na taka, ɗiyata."

*

Da Majo ya fara. Ya sa aka fito da moton, ya tsuguna ya shafa tayar baya, ya sami wurin da aka yi mata faci.

"Gazawa ka ce ka je?"

"Gazawa. Mi kake nuhi?"

"Ba komai. Rakiya nake so."

Muka bi hanya, Majo yana gefe yana tsaki. Ƙasar da ta jiƙe ranar Litinin ta bushe da zanen duk abin da ya taka ta, don tun ranar ba a sake ruwa ba. Baffa Chindo yana tafiya yana nuna facin da bakin sanda, nan, sai can, sai can. Da muka kai wata babbar kuka, hanyar Gazawa ta miƙe, zanen facin kuwa ya karkata dama ya shiga wani burtali. Ya kai mu wata gona da hatsi ya fara tsirowa layi-layi.

"Gonar wa?"

Majo ya ce aro aka ba shi.

"Ga inda ka jingine moto. Ga sawunka, ramin farko har na ƙarshe. Hannunka yana da kyau a shuka, likita."

Majo ya fashe da faɗa. Ya ce wata uku ba a turo masa wanda zai canje shi ko na yini ɗaya ba, shi ma yana da iyali, shi ma hatsi yake ci. Ya ce awa huɗu ledar za ta yi, ya lissafa zai dawo kafin ta ƙare. Sai ya nuna ni da yatsa.

"Wagga na bari ta tsare shi. Ta gaya muku mi tay yi."

"Ita za ta faɗi nata. Kai dai ba Gazawa ka je ba."

"Ku je ku tambayi Inusa mai ƙwayoyi! Mutanen ga, ka ba su magani da rana, su sayi wani su haɗa ba ka sani ba, in sun mutu a ce likita."

*

Inusa yana da tebur a gindin bishiyar bedi kusa da masallaci, yana sayar da ƙwayoyi kala-kala da ashana. Da ya hango mu sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

"Wallahi Baffa, Nomau bai taɓa sayen ko ta ciwon kai a wurina ba. Cewa yake maganina alli ne na lakol."

"Ina kake ranar Litinin?"

"Ina kowa yake? Gona. Tambayi duk wanda ka ga dama, surukata ma ta gan ni, ita da ba ta ganin alherina."

Baffa Chindo ya dubi ƙafarsa, ya ce irin wannan faffaɗan sawu da ya kusanci likita da ko makaho ya gane. Muka wuce. Inusa ya tofar da yawu a bayana, don a san ba ya tare da ni.

*

Daga nan gidan mamacin. Inna Hassana, matarsa, tana ɗakin takaba. Baffa Chindo ya tsuguna a bakin ƙofa ta waje ya yi ta'aziyya, ni kuma na raɓe jikin danga.

"Wa ke tare da kai?" ta ce daga bayan labule.

"Yarinyar likita."

"Fitar mini da ita daga gida."

"Yanzu za mu fita, uwar gida. Abu ɗaya nake so. Ranar nan da safe wa ya je duba shi?"

"Kowa yana gona. Ni na dafa fura na ce a kai masa da azahar."

"An samu an yi shuka kuwa?"

"An yi rabi kafin labari ya zo." Ta fyace hanci. "Shi da shekara talatin ba wanda ya taɓa cuɗa masa iri. Cewa yake mu ba mu san awo ba, ko mu cika magani iri ya ƙone, ko mu rage tsutsa ta cinye. Ga shi bana yana kwance aka yi babu shi."

"Wa ya cuɗa bana?"

"Ina na sani? Yaron nan ne ya ɗauki buhu a amalanken jaki tun da safe."

Ba ta faɗin sunan Surajo don ɗan fari ne. Baffa Chindo ya yi godiya ya miƙe. A zaure muka ci karo da Surajon, ya rame, idonsa ja. Ya sunkuyar da kai ya ba mu hanya. Baffa Chindo ya dubi takalman ƙafarsa, irin na taya da manoma ke sawa, muka wuce.

*

Rana ta take muka koma likita. Wannan karon bai bi ta gaba ba. Bayan ɗakunan akwai ɗan fili da aka kewaye da ƙaya don awaki, da wata ƙaramar ƙofa da majinyata ke bi zuwa bayan gida. Ba mai zuwa wurin. Ya tsaya a bakin shingen ya daɗe bai shiga ba.

"Ɗiyata, wa ke shuka a nan?"

"Ba kowa, Baffa. Ni ke cire ciyawa."

Ya nuna da sanda. A gindin bango, cikin inuwar kwano, akwai tsiron hatsi cunkus wuri ɗaya, kamar faɗin faifai. Ba layi, ba rami. Ya tsuguna ya sa yatsa ya tono kaɗan da ƙasarsu, ya karkaɗe. A gindin kowane tsiro ƙwayar tana maƙale, kuma ja ce. Na gane ta. Jar hodar nan ce da ake cuɗa iri da ita kafin shuka, wadda in ta kama hannu sai ta kwana biyu.

Ya shiga bin ƙasa a hankali yana magana kamar da kansa yake. Ga inda amalanke ta tsaya a wajen shinge. Ga mai takalmin taya ya shigo da kaya mai nauyi, ya tsuguna nan. Ga wani ya fito daga ƙaramar ƙofa ba takalmi, takunsa gajere, na marar ƙarfi. A gefen kowane taku nasa akwai ramuka uku ƙanana.

"Mene ne mai ƙafa uku a ɗakin nan?"

"Ƙarfen rataye ruwa."

Ya gyaɗa kai. Ya bi bango ya zagaya ta gefen taga, ina biye. Nan ya tsaya cak. Ni ma na gani. Takalmin roba, na hagu da zanen waya. Ya zo ya tsaya har ya nutse a ƙasa, ya yi taku biyu zuwa ƙofa, ya dawo, ya sake tsayawa, sannan ya juya ya tafi.

Sawuna ne. Baffa Chindo ya dubi sawun, ya dubi tagar, ya auna tsawona da ido. Ladan ya kira sallar Juma'a. Baffa ya zuba tsiron a murfin ƙwarya ya tafi masallaci.

*

Bayan la'asar jandarma ya iso da littafinsa. Aka taru a rumfar likita, mai gari da liman a kan tabarma, Majo a kan benci shi kaɗai, Muttaka a tsaye, Surajo a bayansa. Mata suka tsaya daga nesa. Inna ta riƙe mini ɗan ƙunshin kaya, don ba ta san ko zan kwana gida ba.

Baffa Chindo ya fara da gonar Majo. Kafin ya rufe baki wuri ya kaure, wani ya jefo hogen ƙasa ya sami benci. Jandarma ya daka tsawa.

"Kun ji ko!" in ji Muttaka. "Shuka ya tafi! A rubuta!"

"A rubuta," in ji Baffa Chindo. "Amma ba shi kaɗai ruwan nan ya tayar wa hankali ba."

Ya ajiye murfin ƙwaryar a gaban mai gari, ya faɗi inda ya samo tsiron. Ya faɗi amalanken, da mai takalmin taya, da mai ƙafa ba takalmi da ƙarfe mai ƙafa uku a gefensa.

"Ƙafar hagu ba ta da ƙaramin yatsa. Ni baƙo ne, ban san mai ita ba."

Kowa ya sani. Gatari ya cire wa Malam Nomau shi tun yana saurayi. Baffa Chindo ya ci gaba.

"Mutum ne ya ja ruwansa ya fito, ya zauna a gindin bango, ya cuɗa iri da hannunsa, kaɗan ya zube. Sannan ya koma ya kwanta." Ya juya wajen liman. "Malam, kai ka wanke shi. Ban tambaye ka asirin gawa ba. Hannu kawai."

Liman ya daɗe yana jan carbi. Ya ce abin da mai wanka ya gani ba na faɗa ba ne, amma tunda za a kulle 'yar mutane, zai faɗi wannan kaɗai.

"Hannunsa na dama ja ne. Sau uku na sa sabulu."

"To sai me?" in ji Muttaka. "Don ya cuɗa irinsa shi ne ya kashe kansa? Wannan mai bin kashin shanu zai zo ya..."

"Baba Muttaka, ya isa."

Surajo ne. Muttaka ya juya ya ce ya rufe masa baki.

"Kwana huɗu ban runtsa ba, Baba." Ya fito gaba ya durƙusa. Ya ce tun ranar Lahadi da hadari ya haɗu ubansa ya gaya masa in an yi ruwa ya kawo iri da hoda ta baya, kada Majo ya gani. Ya kawo. Da suka gama ya raka shi gado. Ubansa ya ɗaga kai ya dubi ledar ya ce wannan ɗigon sai ya kai azahar, ƙasa kuwa bushewa za ta yi. Ya miƙa hannu ya murza tayan.

"Na ce Baba a bari likita ya dawo. Ya ce ni na haife shi ko shi ya haife ni. Ya ce in je in fara, in dawo in ɗauke shi kafin azahar."

"Ledar fa?" in ji jandarma.

"Da na dawo na ga jan yatsa a jikin tayan, sai na cire na tura a riga. Na nuna wa Baba Muttaka. Ya ce in ƙona, in yi shiru, ko a ce ubana ya mutu a banza kuma ba mai biya." Ya share fuska. "Ban iya ƙonawa ba. Yatsansa ne. Tana cikin rumbu."

Aka aika aka ɗauko. Jandarma ya ɗaga igiyar kowa ya gani. Tayan fari ne, a jikinsa jan tabo kamar an dangwala.

Majo ya zabura ya miƙe.

"Kun gani! Shi ya yi wa kansa! Kwana huɗu kuna zagina, ku da ba ku jin magana!"

Samari suka yo kansa, sai da jandarma ya shiga tsakani ya ce ya zauna. Muttaka kuwa ko kunya bai ji ba, ya matso har gaban benci.

"Ka gaya masa yana kisa?"

"Na ce kada a taɓa."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ka ce masa in ya buɗe zai mutu?"

Majo ya kawar da kai, Muttaka ya ci gaba.

"Bara da matata ta kwanta a nan, kai da hannunka ka buɗe mata, leda ta ƙare kafin in gama shan shayi. Yayana yana zaune yana kallo."

"Wancan ruwan gishiri ne zalla!"

"Mu mun san bambanci? Duk leda fara ce! Da kana nan da ka rufe!"

"Da bai taɓa ba da yanzu yana gona!"

Rumfar ta rabu biyu. Wasu suka ce babba mai hankali da aka ce kada ya taɓa ya taɓa, ba a biyan diyyarsa. Wasu suka ce ai don marar sani aka ajiye mai sani, kuma mai sanin yana can yana saran rami. Wani tsoho ya ce in aka kori wannan ɗin, wa za a turo mana, sai aka ce masa ya yi shiru shi ma a gonarsa zai mutu. Liman ya yi ta cewa a yi salati ba mai ji.

Jandarma ya ce maganar diyya ta alƙali ce, shi zai rubuta duka, tafiyar Majo da hannun mamaci da ɓoye leda. Ya ce Majo da Muttaka da Surajo su same shi a buro ranar Litinin. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke, mai shara. An ce miki ki sa ido. Kin ga wani abu?"

Ido ɗari suka juyo. Na hango Inna da ƙunshin kaya a ƙirji. Baffa Chindo yana kallon ƙasa.

"Ban ga komai ba."

Ya rubuta, ya miƙo mini, na sa sunana a ƙasa. Ya ce in tafi gida.

*

Dab da magariba na same shi a bayan likita yana ɗaure takalmi zai kama hanya. Na kawo masa ruwa a kwano. Ya sha ya miƙo mini.

"Baffa, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"An kira ni in nemo wanda ya taɓa. Na nemo."

"Amma ka gani."

"Na ga takalmi ya tsaya a taga bayan amalanke ta tafi, don ya taka kan sawun jaki. Abin da idon mai takalmin ya gani ba ya cikin ƙasa." Ya saɓa sandarsa. "Hadari yana haɗuwa a gabas. Kafin gobe ba sauran sawu a nan, ɗiyata. Daga nan ke kaɗai kike da shi."

Ya tafi. An yi ruwan kuwa.

*

Da gari ya waye Inna tana ta murna, ta ce in zo mu je gona mu cike gurbin da bai fito ba. Na ce ta yi gaba zan same ta. Na sa mayafi na tafi gidan Malam Nomau.

Ba kowa a tsakar gida. Na durƙusa a bakin ɗakin takaba na yi sallama. Inna Hassana ta gane muryata. Ta ce an gaya mata ba ni da laifi, in dai haƙuri na zo a ba ni, ba ta da bakinsa yau.

Na ce ba shi ya kawo ni ba. Na gaya mata na leƙa ta taga yana da rai, na ga ruwan yana gudu, na san ba daidai ba ne, na san yadda ake rufewa don kullum ina gani, kuma na juya na tafi shanya don na ji nauyin shiga. Na faɗa har ƙarshe.

Sai ta ɗaga labule, karo na farko, ta dube ni.

"Taku nawa ne daga taga zuwa gadon?"

"Ba su kai goma ba."

Ta saki labulen.

"Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai."

"To ban karɓa ba. Yaron nan ya tsaya a gaban gari ya faɗi nasa, ke kuma ki kawo mini naki ɗaki in riƙe miki? Ki kai shi wurin jandarman da kika sa wa hannu. Kuma kada ki sake shigo mini gida."

Na tashi. Ban bi ta gona ba, don na san in Inna ta riƙe ni ba zan iya ba. Na fita bakin hanya na tsaya a gindin bedi. Motar Gazawa ta farko ta taho cike da buhunan wake da mutane a sama. Ban taɓa tsayar da mota da kaina ba. Na ɗaga hannu, direba ya leƙo ya ce ina zuwa, na ce buron jandarma, da ƙarfi yadda zai ji.